Ranar da Aka Naɗe Ƙanena da Ulu a Tsakiyar Bazara

Akwai abin da shekaru kan goge daga zuciyar mutum, akwai kuma wanda yakan zauna daram ko da furfura ta gama cinye kai. Ranar da muka raka ƙanena tashar jirgin ƙasa ta Kano, da nufin ya tafi Ingila ƙaro ilmi, tana cikin kashi na biyu. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Ubangijina. Ba kuma zan ɓoye wa mai karatu ba, har yau idan ta faɗo mini a rai sai ɓacin ran ya dawo sabo fil, domin abin da ya same mu ba annoba ce ta sauko ba, ba kuma maƙiyi ne ya ƙulla mana ba. Mu muka yi wa kanmu, da rana tsaka, ido na ganin ido, kuma kowa yana ganin alheri yake yi.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai muna zaune a Fagge, a gidan da kakanmu ya gina bayan fatauci ya kawo shi daga Barno. Ni ina aikin akawu a ofishin En'e, sashen ajiye takardu. Ƙanena, wanda duk gida ke kira Auta, malamin makarantar elementare ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ragamar gida tana hannun wansa, wato Baffa, mai sayar da yadi a wajen Kantin Kwari. Ba zan zalunci Baffa ba. Mutum ne mai kyauta da riƙon zumunci, shi ya tsaya mana har muka yi karatu. Sai dai idan ya yanke magana ta yanku, kuma duk hujjar da ka kawo masa ƙara masa ƙarfi take yi, kamar mai zuba wa wuta mai.

Aka zaɓi Auta cikin malaman da za a tura kwas Ingila. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya je ya dawo ya bar sahun ƙananan malamai ke nan har abada. Tsarin tafiyar shi ne ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can ya shiga jirgin ruwa tare da abokan tafiyarsa. Jirgin Ikko ba kullum yake tashi ba, kuma wanda aka yanka masa tikiti a ciki shi ne na ƙarshe da zai riski jirgin ruwan. An gaya masa a fili cewa wanda ya makara ya bar wa wani gurbinsa.

Baffa ya ɗauki shirin tafiyar nan kamar shi ne zai yi ta. Wani tsohon soja da ke zama a bakin rumfarsa ya taɓa ba shi labarin cewa sanyin ƙasar Turawa yakan karya wa mutum kunne kamar ɓawon gyaɗa. Tun daga ranar Baffa bai sake samun sukuni ba. Ya zaɓo yadin ulu mafi kauri da ya samu, baƙi wuluk, ya kai wa wani tela mutumin Ikko a Sabon Gari. Aka ɗinka wando da falmaran da kwat, aka kuma ɗinka wata babbar kwat mai saukowa har ƙasan gwiwa, mai shafi a ciki, wadda idan ka ɗaga ta da hannu ɗaya sai kafaɗarka ta gaya maka. Aka haɗa da suwaita da safa mai kauri da takalmi sau-ciki. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Kayan kirki ne, kuma ga wanda za shi ƙasar sanyi sun dace. Laifin ya faro ne daga lokacin da na ji inda ake nufin a sa su.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na dawo daga ofis na tarar an ɗaure adakar Auta da igiya, amma kayan ulun suna rataye a ƙusa a zaure. Na tambayi dalili. Baffa ya ce ai su zai sa gobe.

Muna tsakiyar bazara a lokacin, irin kwanakin nan na gab da saukar ruwa, da ko kare ba ya yarda ya bar inuwa. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Na durƙusa, na tausasa murya iyakar iyawata, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, kayan nan na can ne. Idan ya sa su a nan za su cutar da shi."

Ya ce, "Wanda zai shiga daji me yake yi?"

Na ce, "Guzuri."

Ya ce, "To, wanda zai shiga sanyi zafi yake tarawa. Jiki ya saba da kayan tun daga gida, kada ya je can su zame masa baƙi. Na biyu, kayan da zai zauna a cikinsu a ƙasar da ba shi da kowa, su ya kamata manya su tofa wa albarka, suna jikinsa. Ko adaka kake so a yi wa addu'a?"

Na yi masa bayani kamar yadda aka koya mana a darasin kiwon lafiya a Midil. Na ce jikin ɗan Adam yana da zafin da Allah ya ƙayyade masa, ba ya son ƙari, ba ya son ragi. Idan zafi ya yi yawa sai ya fitar da gumi, iska ta bi ta kan gumin ta busar da shi, da haka jiki ke hucewa. Aikin ulu kuwa shi ne ya tsare zafin jiki kada ya fita, ya hana iska shiga. A ƙasar sanyi wannan rahama ce, a bazarar Kano kuwa tanderu ne. Na ƙara da cewa zafi ba hatsi ba ne balle a zuba a rumbu, kuma tafiyar ruwa kaɗai za ta ci makonni, sannan lokacin da zai sauka can ma ba lokacin sanyinsu ba ne.

Baffa ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Akawu, wannan a wane fayil ka gani?"

Mutanen da ke zaune a zauren suka yi dariya. Ya ci gaba, "Ni da na tsufa a cikin yadi, yau kai za ka koya mini tufafi? Kai da iyakacin tafiyarka Zariya?"

Na juya wajen Auta na ce ya yi magana, tun da jikinsa ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai na ɗan lokaci ne. Da na shiga jirgi zan tuɓe." Na shiga cikin gida wajen mahaifiyarmu. Inna ta ce ita ma abin bai kwanta mata ba, amma ba za ta ja da wan mijinta a kan ɗan da ya riƙa ba. Haka aka bar ni ni kaɗai da gaskiyata, ina ta juya ta kamar kuɗin da ba ya karɓuwa a kasuwa.

Da safe aka shirya shi. Singileti, taguwa, laktaye, suwaita, falmaran, kwat, sannan babbar kwat a kan duka. Kafin ya fito zaure goshinsa ya jiƙe. Ni kuwa na sa 'yar shara fara ta auduga, mai faɗin hannu, na ɗora malafa. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan'uwanka za shi Ingila, kai kuma ka yi shirin zuwa gona."

Wanda bai san al'adarmu ba zai zaci daga gida sai tasha. Ba haka ba ne. Matafiyi na nesa sai ya bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa, ya durƙusa ya yi sallama, a yi masa addu'a. Idan ka tsallake gida guda ka sayi gabar shekaru. Jirgin sai bayan azahar zai tashi, don haka Baffa ya ce akwai wadatar lokaci, kuma ya tsara zagayen yadda babu lungun Fagge da ba za mu ratsa ba. A nan na gane dalili na uku, wanda bai faɗa ba: yana so unguwa ta ga kwat.

Kuma ta gani. Masu rumfuna suna miƙewa, mata suna leƙe ta bayan zana, ana ta cewa ga Baturen Fagge. Baffa yana gaba yana amsa gaisuwa da hannu biyu, kamar shi aka naɗa sarauta. Auta yana biye, yana tafiya da ƙyar kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne kyauta. Labarin sanyin da ke karya kunne ya riga ya zaga dangi kaf. A gidan gwaggonmu aka fito da wani mayafin ulu na wuya, ta ce ita da kanta za ta naɗa masa. Ta naɗa, ta ƙulle, ta tofa addu'a. A wani gidan aka ba shi hular sanyi mai rufe kunnuwa. A wurinmu kuwa idan babba ya ba ka tufa ba ka naɗewa ka saka a hammata, a gabansa za ka sa, ka kuma fita da ita a jikinka, in ba haka ba ka raina kyauta. Duk gidan da muka fito sai in matsa kusa da shi in ce ya cire abin da aka ƙara masa. Sai ya dubi ƙeyar Baffa, ya ce mini, "Bari mu ɗan yi nisa." Ba mu taɓa yin nisan ba, domin gida na gaba yana nan a kan kwana.

Wurin da na kusa fita daga hayyacina shi ne gidan ƙanen kakanmu, dattijon da ya fi kowa shekaru a zuriyarmu. Ya daɗe yana addu'a, mu kuwa muna durƙushe a soron da ko taga babu. Da ya shafa sai ya sa aka buɗe masa akwati, aka ɗauko wata kore, babbar rigar nan baƙa mai shuni da ƙyalli, mai nauyin gaske, wadda ya ce da ita wansa, wato kakanmu, ya shigo Kano. Ya ce ba ya so jikansa ya shiga cikin Turawa ba tare da alamar gidansu ba. Aka zura masa ita a kan babbar kwat. Kowa ya ce madalla. Ni na dubi ƙanena, ban ga komai nasa ba sai idanu da hanci, gumi yana ɗiga daga haɓarsa yana sauka a kan shuni.

Na ce wa Baffa a hankali, "A ba shi ruwa, a bar shi ya zauna a inuwa."

Ya ce, "Gidan surukansa za mu yanzu, a can za a kawo."

Aka kuwa kawo. Ƙwarya guda ta ruwan sanyi da fura damammiya, aka ajiye a gabansa. Amma wane ɗan mutunci ne zai ɗaga ƙwarya ya kafa kai a gaban surukinsa? Auta ya taɓa bakin ƙwaryar da yatsa, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Na tura masa ita da gwiwata, ya turo mini ita da tasa. 'Yan rakiya suka shanye furar tas, wanda ake yi dominsa ko leɓe bai jiƙa ba. Surukin har yana yaba masa, yana cewa yaro mai kunya. Na sha jin ana cewa kunya ado ce, kuma na yarda, amma a ranar na ga inda ta zama igiya a wuya.

Da muka gama Fagge rana ta take tsaka. Na yi tsammanin tasha za mu nufa. Sai Baffa ya ce saura hoto. Ya riga ya yi magana da wani mai hoto a Sabon Gari, domin a rataya a zaure, duk wanda ya shigo ya gani. Na ce lokaci ya ƙure, kuma yaron nan ya galabaita. Ya ce, "Kai dai tun jiya kake neman abin da zai hana. Ko baƙin ciki kake yi ba kai aka zaɓa ba?"

Wannan magana ta soke ni fiye da yadda zan iya rubutawa. Ni na cika wa Auta takardun neman kwas ɗin da hannuna. Na haɗiye, muka tsallaka Sabon Gari.

Mai hoton ya ce cikin shagonsa da duhu, sai dai a fito fili inda haske yake. Ya rataya wani ƙyalle mai zanen benaye a jikin bango, ya tsayar da Auta a gabansa, a tsakiyar rana, fuskarsa tana kallonta. Ya shige cikin baƙin mayafin na'urarsa, ya fito, ya gyara masa wuyan riga, ya koma. Ya ce, "Malam, kada ka motsa. Buɗe ido. Goge fuska." Aka ɗauka da kore, Baffa ya ce a sake ɗauka ba kore don kwat ta fito. Na ji sanyi a raina da aka cire ta, amma ana gamawa aka mayar, wai kada labari ya koma wa dattijo. Sannan aka ɗauka da Baffa a zaune, Auta a tsaye a bayansa.

A wajen ɗauka ta ƙarshe ne mai hoton ya ce, "Yauwa, yanzu fuska ta bushe, ta yi kyau." Na dubi Auta da sauri. Gaskiya ne, gumin ya tsaya. Fuskar ta bushe ƙayau, ta yi wani irin ja-ja a ƙarƙashin baƙinta, idanunsa sun yi jawur. Baffa ya ce da murna, "Ka gani ko, Akawu? Jiki ya fara sabawa." Ni kuwa na san mutumin da ke cikin irin wannan zafi idan guminsa ya ɗauke, ba sabo ba ne, ruwan jikinsa ne ya ƙare.

Na kama hannunsa na ce, "Auta, tuɓe kayan nan yanzu."

Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "A gaya wa 'yan aji su buɗe littafi."

Na gaya wa Baffa cewa yaron nan ba ya cikin hankalinsa. Ya ce zumuɗin tafiya ne, kuma tasha ta kusa. Muka kama hanya, ina riƙe da shi. Kwalta tana kama takalmi. Mun iso mahaɗar nan da ake kira Bata, inda 'yan kasuwa da masu tura kurar kaya suke cunkushe, har muna jin kukan jirgi daga tasha, sai na ji nauyinsa duka ya dawo kaina. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a gefen titi kamar an sare bishiya.

Nan da nan jama'a suka yi mana zobe, suka toshe 'yar iskar da ta rage. Kowa ya zama likita. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce a kawo hayaƙi. Baffa ya ce baki ne, mutane sun yi ta kallonsa tun safe ba su ce tubarkalla ba. Jikin Auta ya fara karkarwa, sai na ji wani bawan Allah yana cewa, "Sanyi yake ji, a lulluɓe shi." Har ya fara warware rawaninsa.

A nan haƙurina ya ƙare. Na daka wa jama'a tsawa su ja da baya, na sa mutum biyu muka ɗauke shi zuwa inuwar wata rumfa. Na zare koren, na fizge hular, na kwance mayafin wuyan. Da na zo kan babbar kwat sai ta ƙi fita. Hannuwansa sun sandare, kayan ciki sun jiƙe sun kumbura, maɓallan sun ƙi motsi. Fatar wuyansa kuwa idan ka taɓa kamar ka taɓa murfin tukunya a kan murhu. Mai rumfar yana da almakashi na yankan yadi, na miƙa hannu na ɗauka.

Baffa ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Yankawa zan yi."

Ya ce, "Kwat ɗin? Da me zai shiga Ingila?"

Na ce, "Baffa, ka zaɓa. Ko in yanka wannan yanzu, ko anjima a yanka masa farin yadi."

Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba, kafin ranar ko bayanta. Ya sake ni. Na tsarge hannun kwat ɗin tun daga wuyan hannu har kafaɗa, na bi ƙaramar kwat da suwaita na yi musu haka, har na bar shi daga shi sai singileti. Wani tururi ya taso daga jikinsa. Na kira mai garuwa, muka dinga kwarara masa ruwa a kai da wuya da hammata, na cire malafata ina yi masa fifita, wasu suka kawo mafici suka taya ni. Na hana a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo, don kada ya shaƙe. Muna cikin haka jirgin ya yi kukansa na ƙarshe. Duk wanda ke wurin ya ji. Adakar Auta, wadda aka kai tasha tun da safe, tana cikinsa.

Ya buɗe ido kafin mu sami motar da ta kai mu asibiti, amma bai gane inda yake ba sai washegari. Likita, wani Bature da ke magana da mu ta bakin tafinta, ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, ko dai a rasa shi, ko ya tashi da taɓin ƙwaƙwalwa. Ya tambayi abin da yake sanye da shi, na lissafa masa tun daga singileti har kore. Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni, ya ce a maimaita masa, yana zaton tafinta ne ya yi kuskure.

Baffa ya zo dubiya da yamma, idanunsa sun kumbura, na san ya yi kuka. Tausayinsa ya kama ni, har na fara shirin ba shi haƙuri a kan tsawar da na yi masa. Sai na ga abin da ke hammatarsa. Bargo ne, sabo, mai kauri. Ya ce marar lafiya ba ya son iska. Malamin asibiti ne ya raba mu.

Kafin Auta ya iya tsayuwa da ƙafafunsa jirgin ruwa ya tashi. Na yi zirga-zirga, na rubuta roƙo, na bi duk wanda nake ganin zai iya sa baki, aka ce gurbi ya riga ya tafi ga wani. Aka ce a jira baɗi. Da baɗin ta zo sai masu zaɓe suka ga an rubuta cewa ya taɓa yanke jiki ya faɗi a kan titi, suka ji tsoron ko yana da wata cuta a ɓoye, suka tsallake sunansa. Takardar da ta kashe maganar ta biyo ta ofishinmu, kuma ni na huda ta na saka a fayil, domin aikina ke nan. Adakarsa ta dawo daga Ikko bayan wasu makonni, igiyarta ko kwancewa ba ta yi ba. Auta bai taɓa zuwa Ingila ba. Ya ƙare aikinsa yana malamin aji, waɗanda suka tafi a wannan jirgin kuwa su suka dawo suna zuwa duba makarantarsa, yana miƙewa yana gaishe su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har Baffa ya bar duniya bai yarda kayan ne ba. Duk lokacin da zancen ya taso sai ya ce bakin mutanen Fagge ne, ya kuma ƙara da cewa an yi asarar kwat mai kyau. Dangi da yawa sun bi bayansa, domin ɗora laifi a kan baki ya fi sauƙi a kan kowa ya tuna abin da ya naɗa wa yaron da hannunsa. Inna ce kaɗai ta kira ni ɗaki ta ce, "Da na yi magana." Na ce ya wuce. Auta kuwa bai taɓa zargin kowa ba. Bayan mun manyanta, idan ya ga raina ya ɓaci a kan zancen, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ka bar ni da matsayina. A duk ƙasar nan ni kaɗai ne sanyin Ingila ya kayar tun ina Kano." Shi yana dariya, ni ban taɓa iya taya shi ba.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, tufa kafin ta zama ado ko alamar girma, hakkin jiki ce. Mai fita waje ya dubi sama da ƙasar da zai taka a ranar, ya sa abin da zai bar jikinsa ya huce idan ana zafi, ya kuma tsare masa ɗuminsa idan ana sanyi. Ulu ba shi da laifi, auduga ba ta da wata falala ta musamman, kowanne da ranarsa. Jiki ba ya jin kunyar suruki, ba ya sanin darajar mai kyauta, ba ya kuma jira a gama hoto. Idan aka toshe masa hanyar fitar da zafi zai faɗi, ko a gaban wa. Na ga mutanen da ke ƙaunar yaro fiye da ransu sun kusa kashe shi da ƙaunar, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tofa albarka. Tun daga lokacin, babba ya umarce ni da abin da ya ga dama in bi, amma idan umarnin ya hau kan lafiyar wani, ina durƙushe zan ce a'a, kuma ba zan tashi ba sai an ji.